Mota Ɗaya Daga Gawa Uku

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ke son ganin gaskiyar wannan magana, to ya leƙa garejin bakin hanya a garuruwanmu, inda ake tayar da motocin da ƙasashen da suka ƙera su suka daɗe da yi musu jana'iza. Ni mutumin Maraɗi ne, karatu ya kawo ni nan, kuma abin da nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai labari shi ne yadda aka haɗa mota ɗaya daga matattun motoci uku a garejin kawuna, a hutun damina na shekarar 2023, da irin gardamar da ta tashi a kan wani ƙarfe da ke ƙarƙashin mota ta baya, wanda yawancin fasinja ba su san da zamansa ba. Maganar kuwa ba ta wasa ba ce, domin kuɗin sallamar mahaifina daga aiki aka zuba a ciki, kuma daga abin da motar ke kawowa ake biya mini kuɗin makaranta.

Motocin nan uku duk Mercedes ne, watau Marsandi a bakin jama'a, samfurin da kamfanin ya sa wa lamba W123, wanda aka ƙera a Jamus daga 1976 zuwa farkon 1986. An ƙera fiye da miliyan biyu da rabi, shi ya sa har yanzu kayansu ba su yanke ba. Dukansu masu shan man dizal ne, wanda mu a Nijar muke kira gazuwal. Ta farko 200D ce, jikinta garau da takardunta, amma injinta ya buga. Ta biyu 240D ce, wadda babbar mota ta daka ta baya ta murƙushe mata gindi, amma injinta mai silinda huɗu da ƙarfin doki 72 yana nan lafiya lau, tare da akwatin giyarta na hannu mai giya huɗu. Ta uku kuwa 300D ce mai silinda biyar, gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin sanyi ya cinye ƙasanta, kan injinta kuma ya tsage saboda zafi.

Rabon gadon bai yi wuya ba da farko. Aka ɗauki jikin 200D a matsayin uwa, tun da lambar jikinta ce a takarda. Aka ɗora mata injin 240D da akwatin giyarsa, suka zauna daram, don injunan biyu 'yan gida ɗaya ne, girmansu ta waje kusan ɗaya. Farfela ma ta masu silinda huɗu aka sa, domin injin 300D ya fi tsawo da silinda guda, saboda haka farfelarta ba ta yi daidai ba. Daga ita 300D sai aka ciro kujeru da gilasai da fitilu. Ni aikina wanke kusoshi da kananzir da miƙa sufana, sai kuma rubuta abin da aka ciro daga kowace mota a wani tsohon littafin makaranta.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne wurin abin nan da makanikan Kano da Katsina ke kira aksil, namu na Maraɗi kuma suna cewa pon, daga Faransanci. Ga wanda bai sani ba, wani ƙoƙon ƙarfe ne tsakanin tayoyin baya, cikinsa akwai ƙaramin giya da farfela ke juyawa, shi kuma yana juya wani babban faranti mai haƙora, farantin ya juya tayoyi. Kowane aksil da lissafinsa, watau sau nawa farfela za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya. Na 200D 3.92 ne, na 240D 3.69, na 300D kuma 3.46. Da a ce na 240D ya tsira, da magana ta ƙare, don shi kamfani ya haɗa da wannan inji. To, amma babbar motar nan ta fasa shi. Ya rage saura biyu, ɗaya sama da abin da ake so, ɗaya ƙasa.

Kawu bai yarda da lambar da ke jikin ƙoƙon kawai ba, ya ce motar da ta shekara 40 tana yawo hannu zuwa hannu ba a rantsuwa a kan cikinta. Ya sa aka ɗaga taya ɗaya da jak aka bar ɗayar a ƙasa, ya shata alli a taya, ya shata a farfela, ya ce in juya tayar sau biyu cif shi yana ƙirga. A 200D farfela ta juya saura ƙiris sau huɗu, a 300D kuwa sau uku da kusan rabi. Lambobin ba su yi ƙarya ba.

Yayana, wanda shi zai tuƙa motar, ya tsaya kai da fata a kan 3.46. Ya ce, "Kawu, mai ya yi tsada. In inji na juyawa kaɗan mota na tafiya da yawa, ai riba ce. Ga shi kuma kunne zai huta da ƙara." Ya sa ni na yi masa lissafi, tun da ni ne ɗan boko. Kewayen tayar motar kamar mita biyu ne, saboda haka a gudun kilomita 100 cikin awa taya na juyawa kimanin sau 833 a minti ɗaya. A giya ta huɗu inji da farfela tafiyarsu ɗaya. Ke nan da 3.92 inji zai juya kimanin sau 3,270 a minti, da 3.46 kuwa kimanin 2,880. Bambancin ya kusa 400. Yaya ya ɗaga takardar yana murna, ya ce alƙalami ya yanke hukunci.

Kawu ya bar shi ya gama, sa'an nan ya tambaye shi, "To ɗana, ina za ka da motar? Yamai za ka riƙa zuwa kai kaɗai da jakarka, ko kuwa kasuwannin ƙauye za ka bi da mutum shida da buhunan wake?" Yaya ya yi shiru, don kowa ya san aikin da aka sayi motar dominsa. Hanyar Ɗan Isa da ta Madarunfa za ta bi, ta kuma ratse cikin ƙauyuka inda babu kwalta sai jar ƙasa da rairayi.

Daga nan Kawu ya warware bayani, kuma ban taɓa jin lacca mai tsari kamarta ba. Ya ce kowane allazi da nasa amanu, abin da aksil ya ba ka na gudu, a ƙarfi ya cire shi. Wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya san haka: giyar da ke sa ka tsere a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ita ce ke tsayar da kai a gindin tudu. Motar nan ita kaɗai ta kai nauyin kilo 1,400, in an ƙara mutane da kaya ta tasam ma tan biyu, doki 72 ne kuma za su ja. An yi 3.46 ne don injin da ke da doki 80 ko 88. In aka ɗora wa ƙaramin inji, kullum direba na danne da totur, baƙin hayaƙi na fita, wanda ba kome ba ne illa man da bai ƙone ba. Wurin tashi daga cikin rairayi kuma kuloci ne zai sha wuya. Sa'an nan ya ce in sake ɗaukar alƙalami. Giya ta uku lissafinta kimanin 1.4 ne, in aka ninka da 3.46 ya haura 4.8. Watau duk lokacin da lodi ya tilasta wa direba komawa ta uku, injinsa na juyawa fiye da na mai 3.92 da ke tafe abinsa a ta huɗu. To ina ribar man?

Ya ƙara da wata magana da ta fi tsorata mahaifina. Malejin irin wannan mota daga akwatin giya yake samun labari ta wata waya, kuma an daidaita shi da aksil ɗin da motar ta zo da shi. In aka sa 3.46 ƙarƙashin malejin 200D, mota na gudun 100 allura na nuna 88. Direba ya ɗauka yana tafiya a hankali, alhali ya ɗauko rayukan mutane yana gudu da su. Baba ya ce, "Sauri ya haifi nawa. A bar mata nata." Kawu ya ce, "Shi ke nan, Alhaji." Aka zubar da tsohon man aksil, aka canza robobin da ke hana yoyo, aka zuba sabo.

Motar ta shiga hanya kafin in dawo makaranta. A kan kwalta, da ta haura 90 sai inji ya cika kunne, kuma 'yan Toyota na wuce ta suna yi wa Yaya ba'a. Har yanzu in mai ya yi tsada yakan ce da an bi shawararsa. Amma a cikin rairayi, inda wasu ke sauke fasinja su tura, ita takan fita da lodinta, har 'yan kasuwa suka san ta suna jiran ta. Shi kuwa aksil ɗin 300D yana nan a kusurwar gareji an rufe shi da buhu, Kawu ya ce ranar da aka sami inji mai silinda biyar, ranarsa ta zo.

Abin da ya tsaya mini a rai, a matsayina na ɗalibin Hausa, shi ne duk wannan ilmi da Hausa aka yi shi, daga farko har ƙarshe, ga shi kuma kaɗan daga cikinsa ne aka rubuta. Makanikin Katsina ya ce giyabos da kuloci, na Maraɗi ya ce bwat da ambireyaj, harshe ɗaya ya aro daga gida biyu, kowa kuma na gane ɗan'uwansa in sun haɗu a kasuwar kayan mota. Muna zama a aji muna ƙorafin cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya da fasaha, alhali ga mutanen da suka shekara da shekaru suna koyar da yara lissafin giya ba tare da allo ba. Kawuna ya manyanta, irin motocin da ya ƙware a kansu kuma kullum raguwa suke yi. Ina roƙon 'yan wannan ƙungiya tamu, duk wanda ya je hutu ya ɗauki littafi ya zauna a garejin unguwarsu ko da kwana uku ne, ya rubuto kalmomin da ya ji da ma'anarsu, mu tara mu buga a wannan mujalla. Allah Ya sa mu dace, amin.