Jabanar Malam

Muna neman izini a wannan fitowa mu kawo zancen wani abu na cikin gida, wanda wasu za su ga bai kai a ɓata tawada a kansa ba, wato dafa gahawa da hannu.

A gidanmu na Damagaram mun taso muka tarar ana shan gahawa, abin da ba kowane gida ke yi ba a ƙasar shayi da hura. Asalin abin daga gabas ya zo. Kakanmu ya kama hanyar Makka ta ƙasa da iyalinsa a shekarar 1958, mahaifinmu yana yaro, suka ratsa Cadi suka shiga Sudan, guzuri ya ƙare musu a wajen Wad Madani. Nan suka zauna shekaru suna tsinkar auduga a gonakin Jazira, kamar dubban Hausawa da suka riga su, har suka tara kuɗin ƙetare teku. Da aka sauke farali aka juyo gida, ƴar'uwar mahaifinmu, wadda muke kira Gwaggo ko da yake ba mu taɓa ganin ta ido da ido ba, ta riga ta yi aure can, sai aka baro ta. Malam ya dawo da karatu da Larabcin Sudan a bakinsa, da kuma son gahawa irin wadda ake yi a jabana.

Jabana ƴar tukunyar ƙasa ce, mai zagayayyen ciki da dogon wuya da ɗan baki, ba ta iya zama da gindinta sai an aza ta bisa ɗan gammo. Da yake kayan ƙasa ba ya daɗewa, Gwaggo takan aiko da sabuwa bayan ƴan shekaru, a naɗe cikin tsumma, ta hannun fatake ko alhazai. Ta ƙarshe ta iso a 2019.

Inna ce mai dafawa. Kullum bayan Malam ya dawo daga limancin asuba, ita ta riga ta hura gawayi, ƙamshin suya ya cika tsakar gida. Mu yara aikinmu fifita wuta da ɗaukar faranti zuwa zaure. A wannan zama ne Malam yake buɗe baki da hira, shi da ba mai yawan magana ba ne. A nan muka fara jin cewa itacen daga Habasha yake, kuma sufayen Yaman ne suka yaɗa shan sa a ƙarni na 15 don ya taimake su raya dare. A nan muka ji cewa kalmar ƙahwa a tsohon Larabci ɗaya ce daga sunayen giya, kuma a shekarar 1511 an yi zama a Makka aka hana shan ta, hanin da bai daɗe ba, har daga baya Abdulƙadir al-Jaziri ya wallafa littafi sukutum kan halaccinta. Malam yakan yi murmushi idan ya zo nan, ya ce malamai sun sha wahala kafin mu sha wannan ɗan finjali.

Inna ta rasu a 2021, Allah ya jiƙan ta. Bayan an share makoki, muka duba muka ga babu mai lokacin hura gawayi da asuba: wannan yana sauri zuwa aiki, matanmu suna shirya yara zuwa lakkwal. Sai muka sayo gwangwanin Nescafé da babban filas, muka ajiye wa Malam a zaure, har muna ganin mun yi abin kirki. Ba mu zo nan don kushe garin gwangwani ba. Gahawa ce ta gaskiya da aka dafa a masana'anta aka busar, galibi daga irin da ake kira robusta, mai ɗaci da ƙarfi, wanda sinadarin hana barcinsa ya kusa ninka na irin Habasha. Direba a tasha da ɗalibi a daren jarrabawa sun san amfaninta. Amma minti biyu ke gama ta, kuma mai kawo ta ba ya da dalilin zama. Mukan zuba ruwan zafi, mu motsa, mu ce a tashi lafiya Malam, mu fita. Shekara biyu da rabi bai ce mana uffan ba. Sai dai kullum mai ɗauke kofi yakan tarar da rabi ya huce a ciki, mu kuwa muka ɗora abin a kan tsufa.

Yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, ya isa Wad Madani a watan Disamba. Waya ta yanke tsakaninmu da dangi makonni da yawa. Da ta dawo, saƙon murya ne daga ɗan Gwaggo: sun gudu zuwa Gadarif, tsohuwa ta jure hanya amma ba ta daɗe ba bayan isar su. Malam ya saurara sau biyu, ya yi salati, ya yi mata addu'a, ya shiga ɗaki. Washegari da muka kawo filas, ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, jabanar nan tana nan kuwa?" Muka ce tana nan, Malam, cikin kayan Inna. Ya ce, "To, a ɗauko."

Ranar muka gane cewa shekara ashirin muna kallon abu ba mu koye shi ba. Ƙwayar da muka samu wurin wani Alhaji da ya zo da ita tsaraba, muka zuba a kasko bisa wuta mai harshe, bayanta ya ƙone cikinta ɗanye. Malam ya kurɓa, ya ajiye, ya ce gobe a kawo murhun nan zaure. Idanunsa sun yi rauni, amma kunne da hanci suna nan, da su ya koyar da mu, kuma abin da ya koyar shi ne muke son mu rubuta don wanda zai gwada.

Ɗanyar ƙwaya ake nema, mai launin kore-kore da ya dusashe, a tsince ta kamar yadda ake tsince wake, a fitar da tsakuwa da baƙaƙe da waɗanda ƙwaro ya huda, don guda ɗaya ruɓaɓɓiya tana ɓata tukunya. Cikin tafi ɗaya ya ishi mutum huɗu. Mun kai wa mai kanti ya aza a sikeli, giram 30 ne ko kusa, ga ruwan da ya ɗara rubu'in lita kaɗan. Ba a suya sai gawayi ya zama garwashi, harshen wuta ya kwanta. Daga nan hannu ba ya tsayawa, ana juyawa ana girgiza kasko. Da farko wani wari take yi kamar na ɗanyar ciyawa, sai ta koma rawaya, sai ruwan ƙasa, ɓawonta siriri yana tashi. Wajen minti goma za a ji ta fara fashewa, ƙas, ƙas, kamar gugguru. Malam ya ce kafin wannan ƙara babu gahawa, tsami ne kawai. Bayanta kuma kowane minti yana da hukuncinsa: wanda ya sauke da wuri zai sami mai ɗan tsami da ƙamshin ƴaƴan itace, kusa da irin ta mutanen Hijaz, mutanen Sudan sukan bari ta yi duhu har wata ƙara ta biyu, ƴar siririya, ta soma, mai ya fara naso a jikin ƙwayar. A nan Malam yake cewa sauke. Wanda ya juya ya amsa sallama a wannan lokaci, gawayi zai daka. Sai a juye a faifai a sheƙe, ɓawo ya fita, zafi ya tafi, don idan aka bar ta a kasko tana ci gaba da ƙuna ko babu wuta.

Daka a ƙaramin turmi ake yi, wanda ba a taɓa daka yaji ko daddawa a ciki ba. Mun yi wannan kuskure sau ɗaya, ba mu so mu tuna. Kada ta yi laushin garin tuwo, kada kuma ta tsaya tsaki-tsaki. Tsakanin biyun ake so. Abin da za a sha yanzu shi kaɗai ake dakawa, domin ƙamshin da ya cika zaure lokacin daka, shi ne wanda ya bar garin, ba kuwa zai koma ba. Wannan ne ya sa garin da ya kwana a leda yake zama kamar toka. Busasshiyar citta kamar kan yatsa a daka tare, mai so ya ƙara kanumfari ɗaya, kada ya wuce ɗaya.

Ruwa ma da maganarsa. Mu mutanen Damagaram ba a ba mu labarin wahalar ruwa, wanda aka samu shi ake sha. Amma idan na famfo ne yana warin magani, a bar shi ya kwana a randa. Ana dafawa a ɗan gwangwani mai mariƙi: a zuba gari a ruwan da ya yi zafi, a mayar bisa garwashi, da ta taso za ta zuba a janye, ta kwanta a mayar, har sau uku. Tafasa mai tsawo ɗaci kawai take jawowa. Sa'an nan a juye cikin jabanar da aka ɗumama a gefen murhu, a toshe bakinta da ɗan zaren dabino wanda suke kira lif, shi ne matacinta, a aza bisa gammo a ba ta minti uku ko huɗu gari ya kwanta. A tsiyaya daga sama, siririn zare, ba tare da girgiza ba. Likita ya rage wa Malam sukari, don haka da dabino guda yake shan tasa, kuma finjali biyu ne iyaka, ba ya sha bayan azahar.

Duka aikin yana cin minti arba'in. Mun lissafa, don da farko muna duban agogo. A cikin waɗannan mintoci ne muka ji abubuwan da ba mu taɓa ji ba: yadda Gwaggo ta goya shi a hanyar Abeshe lokacin da ƙaya ta kumbura masa ƙafa, da yadda ta tsaya bakin hanya ranar rabuwa ba ta yi kuka ba sai da motar ta ɗaga. Ashe duk shekarun nan labarin yana nan, mai zama ne babu.

A azumin bara, bayan tarawihi, muna wanke jabanar sai ta suɓuce daga hannunmu, ta faɗi bisa siminti, wuyan ya rabu da cikin. Mun daɗe tsugune a wurin. Har zuciya ta raya mana mu ce yara ne, muka nemi tsari daga wannan, muka tattara gutsattsarin a faifai muka kai masa. Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ƙasa ce, ta koma." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a bar masa wuyan. Yana nan cikin gafakarsa tare da alƙaluma.

Bayan salla muka ɗauki cikin da ya saura muka tafi Mirriya, garin magina tukwane, muka sami wata dattijuwa muka nuna mata, muka zana mata wuyan a ƙasa. Ta juya shi, ta yi dariya, ta ce wannan buta ce da ba ta gama girma ba. Uku ta gina mana. Ɗaya ta tsage a wurin gashi, ɗaya bakinta yana zubarwa ta gefe, ta ukun ta yi, ko da yake wuyanta ya fi na Gwaggo kauri kuma ba ta da zanen nan na jiki. Muka dafa tsohon gari a cikinta sau da yawa muna zubarwa don warin sabuwar ƙasa ya fita, kafin muka yarda muka kai zaure. Malam ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya ce har yanzu da sauran Mirriya a cikinta, amma a ci gaba, za ta koya. Sai ya miƙo finjalin a ƙara masa, ya ce gobe a zo da babban jikansa, shi zai riƙe mafici.