Daga Michika Zuwa Bur Sudan: Darasin Farko Na Mai Nutso

Mutumin da ya tashi a Michika, a gindin duwatsun Mandara cikin Jihar Adamawa, ruwan da ya sani shi ne na kogin Yadzaram da rafuffukan da ke gangarowa daga kan dutse. Da damina sukan cika su tumbatsa, jawur da laka, har wanda ya nutsa ba ya ganin tafin hannunsa, da rani kuwa sai rairayi. Saboda haka idan aka ce masa akwai ruwan da mutum zai yi zurfin gaba goma a cikinsa, ya zauna yana numfashi yana kallon kifi kamar mai kallon 'yan kasuwa, ba laifinsa ba ne in ya ce tatsuniya ce. To, akwai wannan ruwa, kuma yana can ƙarshen hanyar da mahajjatan ƙasar nan suka daɗe suna bi da ƙafa.

Kafin zuwan jirgin sama, mai niyyar Makka daga Adamawa ko Borno ko ƙasar Hausa gabas yakan dosa. Ya ratsa Cadi ta Abeshe, ya shiga Darfur, ya bi ta El Fashar da El Obeid, yana tafe yana ƙodago, wani shekara biyu wani goma, har ya ga Bahar Maliya. Da yawa ba su komo ba, shi ya sa har yau ake jin Hausa a Kasala da Gadarif da Mai Wurno da kuma Bur Sudan, wanda Turawa ke kira Port Sudan.

Tsohuwar mashigar mahajjata ita ce Sawakin, garin da aka gina gidajensa da dutsen murjani. Da jirage suka ƙara girma sai tasharta ta yi musu ƙunci, Ingilishi suka koma arewa da ita tafiyar kamar sa'a guda a mota, suka soma ginin Bur Sudan a 1905. Gari ne mai zafi da gumi, ga duwatsu tsirara a bayansa, ga teku shuɗi shar a gabansa. Babu wani kogi mai gudu rani da damina da ke zuba a Bahar Maliya, saboda haka ba laka, ruwan garau yake. Sai dai gishirinsa ya fi na sauran tekuna, domin a kowace lita akwai kimanin giram 40, alhali a sauran wurare kimanin 35 ne.

Wannan garau ɗin ne ya jawo mashahuran masu nutso. Hans Hass, mutumin Ostiriya, ya zo a 1949 ya ɗauki hotunan ƙarƙashin ruwa. Bafaranshen nan Jacques Cousteau, wanda shi da Emile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi ta masu nutso a 1943, ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi cikin 1963, mutanensa suka zauna kwana 30 a zurfin mita 10. Kusa da tasha kuma ga jirgin Italiya mai suna Umbria kwance a gefensa tun watan Yuni 1940, lokacin da ma'aikatansa suka nutsar da shi da gangan, da lodin bamabamai, don kada ya faɗa hannun Ingilishi. Can gaba, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, akwai tsibirin murjani na Sanganeb, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren gādo na duniya a 2016.

Amma duk wanda ke son ganin waɗannan abubuwa da idonsa, sai ya fara durƙusawa a ruwan da bai fi tsawonsa ba. Nan ake goya masa tukunyar iska, ya ciji robar da ke kawo masa numfashi, ya sa takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, sannan a ɗaura masa tabarau na nutso, watau gilashi mai bakin roba wanda ke rufe idanu da hanci. Idon ɗan Adam ba ya gani sosai sai da iska a gabansa, aikin tabarau ke nan, ya riƙe 'yar iskar nan. Ta cikinsa kowane abu yakan ƙara girma da kamar sulusi, ya kuma matso kusa. An haɗa da hanci ne domin mai nutso ya riƙa hura iska ciki yayin da nauyin ruwa ke danne gilashin a fuskarsa.

Babu mai nutson da ruwa bai taɓa shigar masa tabarau ba. Gashin baki yakan hana robar zama daram, haka silin gashin kai in ya maƙale a goshi, haka murmushi, haka ɗaure maɗauri tamau fiye da kima. Wani lokaci kuma abokin tafiya ne zai shure shi da ƙafa ba da niyya ba. Ruwan da ke shiga bai fi cikin kofin shayi ba, kuma iska tana nan a baki ba ta yanke ba. Duk da haka, da zarar ruwan gishiri ya taɓa hanci ya yi wa ido yaji, sai zuciyar sabon shiga ta ce masa halaka ta zo. Ya riƙe numfashi, ya tofar da robar bakinsa, ya yunƙura sama da gudu. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Wannan yunƙurin shi ne ajali. A zurfin mita 10 nauyin da ke kan mutum ya ninka na bisa ƙasa sau biyu, saboda haka iskar da ya cika huhunsa da ita a can za ta kumbura ta ninka in ya taso bai fitar da ita ba. Huhu ba salka ba ne, yakan yage, kumfar iska ta shiga jini ta kai ƙwaƙwalwa. Ko a zurfin da bai kai mita 2 ba hakan na iya faruwa. Don haka doka ta farko a wannan sana'a ita ce kada a riƙe numfashi ko kaɗan.

Maganin kuwa ba shi da wuya. Mai nutso ya tsaya cik, ya ja numfashi a hankali ta baki. Ya sa yatsu ya danne saman tabarau a goshinsa, ya soma fitar da iska ta hanci sannu sannu, sa'an nan ya ɗaga kai kamar mai duban wata. Iska ba ta kai ruwa nauyi ba, sai ta taru a sama, ta tura ruwan ƙasa ya fice ta gindin roba. In bai ƙare ba, a sake. Sharaɗi guda shi ne a fara hurawa kafin a ɗaga kai, in ba haka ba ruwan ya gangara maƙogwaro.

Malaman nutso ba su ɗora wa ɗalibi wannan gaba ɗaya. Da fari yakan ɗan ɗaga robar ruwa ya shiga zuwa ƙasan ido, ya fitar. Sai ya cika tabarau fal, ya fitar. Daga ƙarshe ya cire shi ɗungum, ya zauna kamar minti guda yana numfashi ta baki fuska a buɗe, ya mayar, ya hure. Malami yana gabansa riƙe da kafaɗarsa, ba magana sai ishara: haɗa babban yatsa da manuni na nufin lafiya lau, ɗaga babban yatsa sama kuwa na nufin a fita. Wani yakan iya a karon farko, wani sai ya sha ruwa sau goma, amma ba a ba kowa takardar shaida sai ya iya. Ranar da ya iya, ya buɗe ido ya ga murjani da kifi launi launi, ranar ce ya zama mai nutso.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya kore baƙi masu nutso daga wannan gaɓa. Ta filin jirgin saman Bur Sudan aka kwaso ɗaliban Nijeriya da dama a watan Mayun shekarar, a Mayun 2025 kuma aka kai wa garin hari da jirage marasa matuƙi. Amma darasin bai tsaya ba, ana koyar da shi a Jidda da ke tsallaken tekun, da Hurgada ta ƙasar Masar, da sauran wurare.

Abin lura shi ne an fi bukatar wannan ilmi a inda ruwa ba garau ba ne. Lokacin da jirgin ruwa ya nutse kusa da Warra ta Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, mutane fiye da 100 suka salwanta, masuntan wurin ne suka yi ta nutso suna lalube da numfashin ƙirjinsu. Mutanen Michika ma sun san haɗarin ƙetare ruwan damina, tun bayan da aka fasa gadar Kudzum a rikicin Boko Haram na 2014. A irin wannan ruwa mai laka, mai ceto ba ya ganin komai ko da tabarau, sai natsuwarsa kaɗai. Ya kamata gwamnatocin jihohi su zaɓi samari daga masunta da 'yan kwana-kwana, su ba su kayan nutso, su kuma kai su inda za a koya musu tun daga wannan darasi na farko. Tukunyar iska da tabarau kuɗi ne ke sayensu, amma a hannun wanda bai koyi zama cikin natsuwa da ruwa a hancinsa ba, su ma hanyar halaka ce.