Gwajin Ƙwaya a Wurin Aiki

Da hutun da ya wuce na je gida Fika, na tarar da wana, ɗan baffana, zaune gindin darbejiya ba aikin yi. Shekara bakwai ya yi yana jan babbar mota, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Kudu. Da ya nemi aiki a wani kamfani, aka ce sai an gwada fitsarinsa. Aka gwada, aka sami tiramol, aka sallame shi nan take.

Na ce masa, "Yaya, me ya kai ka?" Ya ce, "Ƙanena, shanu ba su jiran barcin direba. Mai mota ya ce in sun galabaita a hanya ni zan biya. To, da me zan buɗe ido kwana biyu?"

Jama'a, ban ce gwajin nan ba shi da amfani ba. Binciken da aka yi a 2018 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 ke shan ƙwaya a Nijeriya. A wannan shekara kuwa Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta yi ta kira a riƙa gwada ma'aikata da ɗalibai, musamman bayan da Janar Buba Marwa ya kama shugabancinta a 2021. Lalle ba mai son ɗansa ya hau motar wanda ya bugu.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwalbar likita ta kama wana, ba ta kama wanda ya hana shi barci ba. Ni a ganina doka ta bi har kan mai ba da aiki: ya gwada babba da ƙarami, ya rufa asirin wanda aka samu, ya nuna masa hanyar asibiti kafin ya nuna masa ƙofa, sa'an nan ya ba ma'aikaci lokacin hutawa.

Mu ma da za mu riƙe alli gobe, in an ce a gwada mu, kada mu ji haushi, gama amanar 'ya'yan mutane za a ba mu. Wana dai ya yarda zai bi ni asibiti hutu mai zuwa. Allah ya ba shi lafiya, amin.