Ramuka 18 da Hanyar Tsafe

Mu huɗu ne, kuma dukkanmu da kwamfuta muke cin abinci. Biyu a Gusau muke zaune, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu. Muna rubuta manhajoji ga kamfanonin da yawancinsu ba mu taɓa taka ƙofar ofishinsu ba. Shekara biyu ke nan muna zuba adashi a tsakaninmu da niyya guda: a ƙarshen Disamba, lokacin da masu ba mu aiki suke rufe ofis, mu tafi hutu na mako ɗaya inda akwai kore da ruwa, mu buga golf, wasan da wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Kuɗin sun taru. Abin da ya rage shi ne zaɓen filayen da za mu buga, kuma a nan ne muka shafe kusan wata biyu muna ja-in-ja.

Wanda ya san Zamfara zai tambaya ina muka haɗu da wannan wasa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ga mai sayar da hatsi wannan takura ce. Ga mai rubuta manhaja kuwa rufe shago ne gaba ɗaya. Muka tattara kwamfutocinmu muka koma Kano, muka kama ɗaki biyu, muna aiki dare da rana kamar masu gudun bashi. Wani abokin aiki ɗan Kano, ganin yadda idanunmu suka faɗa, ya ja mu filin golf wata safiyar Asabar. Ranar ba wanda ya buga abin kirki. Amma mun yi awa huɗu muna tafiya a fili buɗaɗɗe ba tare da ɗayanmu ya waiga bayansa ba, kuma sai da muka koma ɗaki muka lura da hakan. Tun daga nan wasan ya kama mu. Da muka dawo gida muka ɗaura raga a bayan gidan ɗayanmu a Tudun Wada, muna buga ƙwallo cikinta da yamma, yaran unguwa suna leƙe ta saman katanga suna dariya.

Wasan kansa ba shi da wuyar bayani. Cikakken fili yana da ramuka 18. Kana fara bugu daga nesa, ka bi ƙwallonka kana ƙara bugawa har ta faɗa rami, kuma wanda ya yi bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. A yawancin manyan filaye ana sa ran ƙwararre ya gama da bugu 72 ko kusa da haka. Mu kuwa idan ɗayanmu ya sauka ƙasa da 100, ranar shi ke sayen nama. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanduna har 14 a jakarsa. Mu huɗu jaka biyu gare mu, duka na hannu, waɗanda muka saya a wurin masu gwanjo.

Da yake sana'a ba ta barin mai ita, sai muka buɗe teburin lissafi a kwamfuta. Kowane fili layinsa, kowane sharaɗi gurbinsa, kowane gurbi makinsa: kuɗin shiga, kuɗin mai ɗaukar jaka, hayar sanduna, ko baƙo zai iya shiga kai tsaye ko sai wani mamba ya tsaya masa, nisan masauki, yanayin garin a Disamba, wahalar filin ga masu rauni irinmu. Muka jera sunaye. Filin Rayfield na Jos, wanda Turawan haƙar kuza suka kafa a 1913, kuma ake ɗaukarsa cikin mafi tsufa a Nijeriya. Filin Kaduna. Filin Kano da muka fara. Filin IBB na Abuja da aka buɗe a 1991. Filin Smokin Hills a Ilara-Mokin kusa da Akure. Sai filin otal ɗin Ibom da ke hanyar Nwaniba a Uyo, jihar Akwa Ibom, wanda yake cikin dajin kwakwar manja kusa da ruwa, kuma shi ne ya fi kama da abin da muke gani a hotunan wuraren hutu na ƙasashen waje.

Kano da Kaduna sun fita da wuri, ba don wani aibi ba. A Disamba hunturu ya sauka, ƙasa ta bushe ta yi tauri, hazo ya rufe sama, kuma wannan muna da shi a gida kyauta. Filayen Arewa da yawa sun daɗe suna fama da ƙarancin ruwa, shi ya sa a wasunsu, maimakon lallausar ciyawa a bakin rami, ake shimfiɗa yashi da aka cakuɗa da mai, a riƙa share shi kafin a gangara ƙwallo. Dabara ce mai kyau, muna kuma girmama waɗanda suka riƙe wasan a haka shekara da shekaru. Amma wanda ya yi adashin shekara biyu yana son ya ga ƙwallonsa tana gangara a kan kore. Smokin Hills ma ya fita, don zuwa can yana buƙatar ƙarin jirgi da ƙarin mota, ga kwanakin ba su da yawa.

Saura uku: Jos, Abuja, Uyo. Kuɗinmu zai ɗauki zagaye uku, wataƙila huɗu idan muka matse bakin aljihu wajen abinci.

Ɗan Bungudu a Jos ya yi hidimar ƙasa, kuma zuciyarsa tana can har yau. Ya yi ta kawo hujja: garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iska mai sanyi, duwatsu, tsoffin ramukan kuza da suka zama tafkuna, ga tarihi. Ya ce wanda ya buga golf a Nijeriya bai taka Rayfield ba kamar wanda ya je Sakkwato ne bai ziyarci Hubbare ba. Mun yarda da shi a kan komai. A teburinmu ma Jos ce ta zo ta ɗaya.

Sai ɗan Tsafe, wanda bai cika magana ba, ya ce teburin bai cika ba, a ƙara gurbi ɗaya: awa nawa za mu yi a mota, a kan wace hanya, da ƙarfe nawa. Muka ƙara. Da muka ba wannan gurbi nauyin da ya cancanta, duk lissafin ya kife.

Mutumin Legas ko na Landan da ke shirin irin wannan hutu yana fara tunaninsa daga filin wasa: tsawon ramuka, kyan ciyawa, ko akwai teku a gefe. Mu tunaninmu daga tasha yake farawa. Hanya biyu ce ke fitar da mutum daga Gusau zuwa inda zai hau jirgi cikin sauƙi. Ta gabas ta bi Kwatarkwashi, Tsafe, Yankara, Funtuwa, Zariya, daga nan Kano ko Kaduna. Ta yamma ta bi Bungudu, Maru, Talata Mafara har Sakkwato, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai. Duk wanda ke zaune a nan ya san abin da sunayen nan suke nufi a 'yan shekarun nan. Ya san ba a fita da asuba sosai, ba a kuma bari la'asar ta yi wa mutum a daji. Ya san yadda hira ke mutuwa a cikin mota idan aka daɗe ba a ga wata mota ta taho daga gaba ba, da yadda direba ke rage gudu yana kallon fitilun masu zuwa ko za su yi masa alama. Zuwa Jos yana nufin ƙarin yini guda a kan titi, zuwa da dawowa yini biyu, bayan wanda ba makawa sai mun yi. Ɗan Bungudu ya dubi allon ya daɗe, sannan da hannunsa ya ja layi a kan Rayfield. Ya ce a bar masa sunan kada a goge.

Abin dariya, su biyun nan sai da suka sake yin wata gardamar a kan wace hanya za mu bi. Ɗan Tsafe ya fi natsuwa da ta gabas, ɗan Bungudu ya fi natsuwa da ta yamma. Kowa ya fi yarda da dajin da ya san ƙauyukansa, inda yake da wanda zai kira ya tambaya ko hanya lafiya kafin a taso. Mu na Gusau muka raba gardama da farashin tikiti da lokacin tashin jirgi, Sakkwato ta ci.

Tsakanin Abuja da Uyo ba a sha wahala ba, sai dai a kan rabon zagayen. Ɗayanmu ya so mu yi ta tsalle daga fili zuwa fili don a ce mun ga wurare da yawa. Sauran muka ƙi. Ɗan koyo ba ya cin moriyar fili a zagayen farko. Yana ɓata rabin ranar yana neman inda rami na gaba yake, yana jefa ƙwallo cikin ruwan da bai san da shi ba. A zagaye na biyu ne yake fara wasa. Filin Abuja yana da tafkuna da gadoji da yawa, kuma ruwa shi ne makabartar ƙwallayen irinmu, kowace ɗaya kuwa kuɗi ce. Don haka zagaye ɗaya ya ishe mu a can, a matsayin zango, tunda dole jirginmu ya sauka Abuja kafin mu hau na Uyo. Wani tsohon abokin karatunmu mamba ne, ya ce zai shigar da mu. Zagaye biyu kuma a Uyo, inda ɗakin kwana da filin suke a harabar guda, mutum ya fito daga ɗaki ya taka zuwa wurin fara bugu ba tare da ya shiga mota ba. Wannan kaɗai ya ba Uyo maki fiye da duk wata ciyawa. Disamba ma rani ne a can, ruwan sama ya ja baya, ko da yake ɗan Tsafe ya ce ranin Akwa Ibom da damunar Zamfara kusan abu ɗaya ne. Mun tsara mu riƙa farawa da ƙarfe bakwai na safe, mu gama kafin zafi ya tashi, azahar ta same mu a ɗaki. Abinci kuma kifi ya wadatar, kuma babu babban garin Nijeriya da za ka rasa ɗan Arewa mai tsire.

Akwai wani gurbi da ba mu iya sanya shi a tebur ba, shi ne na gida. A nan golf wasan manya ne, na janar-janar masu ritaya da 'yan siyasa. Ba ma jin kunyar wasan, amma mun san yadda yake sauka a kunnen wanda gonarsa ta gagare shi zuwa. Mahaifin ɗan Tsafe damuna uku ke nan bai noma gonarsa ta nesa da gari ba. Dukkanmu muna da 'yan uwa da suka baro ƙauye suka dawo cikin gari suna zaune a ɗakunan aro, kuma kowane wata akwai abin da ke fita daga albashinmu zuwa can. An taɓa yin dare guda da muka kusa raba adashin kowa ya kai gida. Abin da ya tsayar da mu shi ne lissafi: mun ware na gida tun farko, ba a taɓa shi ba, wannan kuwa daga abin da da mun kashe a sabuwar waya ko canjin mota ne. Duk da haka ba wanda ya yi barci da daɗi ranar.

Kawun ɗayanmu, tsohon malamin firamare, shi ya fi ba mu wuya. Ya saurari bayanin duka, ya sa aka nuna masa hoton filin Uyo a waya, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "To ku yara, mi kuka nema can wanda babu nan? In tahiya cikin fili kuka so, ga dutcin Kwatarkwashi nan ƙofar gida." Muka ce, "Kawu, yaushe rabonka da hawa shi?" Bai amsa ba, ya miƙo wayar.

Dukkanmu mun hau dutsen nan muna yara. Ana kai 'yan makaranta, ana zuwa yawon Sallah, a ɗaga kai a ga mikiya tana shawagi a saman ƙololuwa. Daga Gusau tafiyar ƙasa da rabin awa ce, a cikin ƙaramar hukumar Bungudu yake, kuma duk mai zuwa Tsafe yana wucewa ta gindinsa. Ɗan Tsafe ma yana da nasa duwatsun a bayan gari inda suke farautar gafiya da ƙuruciya. Yau muna wuce su da gilashi a rufe, ba ma cewa direba ya tsaya mu ɗauki hoto. Uyo tana can ƙarshen ƙasa kusa da teku, sai an hau jirgi biyu, amma mun iya tsara zuwa can rana da awa, mun kasa tsara yinin Asabar guda a kan dutsen da muke hangowa daga titi. Da muka koma kan teburin a daren nan, ɗayanmu ya ƙara layi a ƙasan Rayfield ya rubuta Kwatarkwashi, duk da ba filin golf ba ne. Ba mu cike masa maki ba.

Iyaye mata ba su tambayi komai game da wasan ba. Mahaifiyar ɗan Tsafe sharaɗi biyu ta gindaya: kada a yi tafiyar dare, kuma ya kira ta a Mafara, ya sake kiranta idan an shiga Sakkwato. Ta ce, "In kun isa can ku yi ta bugun abinku, ni dai hanya ta dame ni." Ya ce, "To Inna, in Allah ya yarda."

Mun biya tikiti, mun kama ɗaki biyu a Uyo na kwana huɗu, mun kuma yanke shawarar tafiya da jaka ɗaya kawai mu yi hayar sauran sandunan a can, don kuɗin kaya a jirgi ya kusa kai kuɗin hayar. Ɗan Tsafe zai shigo Gusau kwana biyu kafin ranar, da rana tsaka, ya kwana a wurinmu. Za mu tashi ƙarfe takwas da direban da muka sani, mu ɗauki ɗan Bungudu a bakin titi. Ya ce zai tsaya daidai gidan mai, da jakar sandunan a cikin buhun taki don kada ta ja ido.