Masu Tara Kayan Wasan Japan, Ku Buɗe Akwatunanku

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari wanda na san waɗansu masu karatu za su ce ba ya cikin abin da ya kamata dattijo ya ɓata tawada a kansa. Ina roƙonsu su yi mini haƙuri su karanta har ƙarshe, kana su yanke hukunci.

Ni dai ina cikin mutanen nan masu tara tsofaffin kayan wasa na ƙasar Japan, watau 'yan mutum-mutumin ƙarfe da na roba waɗanda a ke ƙerawa bisa siffar ƙattan injunan yaƙi na cikin majiginsu na zane. Na koyi wannan sha'awa a can ƙasar sa'ad da neman ilmi ya kai ni, yau kuwa ina da guda talatin da 'yan kai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta yi ƙarfi a tsakaninmu masu tarawa: mutum ya sayi abu da tsada, ya ƙi buɗe akwatinsa, ya kai ɗaki ya kulle yana jiran ranar da kuɗinsa zai ninka. Ni ban yarda da wannan ba, ga kuwa dalilaina. Amma tilas in fara da tarihin abin, don wanda bai san asalinsa ba ba zai gane abin da a ke hasara ba.

A shekarar 1956 wani mai zane, Mitsuteru Yokoyama, ya fito da labarin Tetsujin 28, ƙaton injin da wani yaro ke sarrafawa daga nesa da wata 'yar na'ura a hannunsa, aka kuwa mai da shi majigin talabijin a 1963. A 1972 Go Nagai ya kawo Mazinger Z, wanda shi matuƙinsa shiga cikin kansa ya ke yi, ya tuƙa shi kamar yadda direba ke tuƙa mota. Yaran Japan suka ɗauka da zafi. Kamfanin Popy, wani reshe na Bandai, ya ga kasuwa ta buɗe, sai a 1973 ya fito da Jumbo Machinder, mutum-mutumin roba mai tsawon wajen ƙafa 2. A 1974 kuma ya fito da ƙarami na ƙarfen zubi mai gamin tutiya, ya sa wa jerin suna Chogokin, sunan ƙarfen da labarin ya ce da shi aka ƙera Mazinger. Wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ya san abin da ya ja hankalin yara: nauyinsa da sanyinsa a tafin hannu, da yadda in an danna wani ɗan maɓalli dunƙulen hannunsa zai yi tsalle ya fita. Wannan abu ne da ba a iya saninsa ta bayan gilashi. Kayan nan kuwa ba su tsaya a Japan ba. Kamfanin Mattel ya sayar da su a Amurka da sunan Shogun Warriors, majigin Grendizer na 1975 kuma ya shiga Faransa a 1978 da sunan Goldorak, ya kuma yi suna ƙwarai a ƙasashen Larabawa.

Sa'an nan aka zo 1979, Yoshiyuki Tomino ya shirya Mobile Suit Gundam. Shi ya nuna injin a matsayin makamin soja wanda kan lalace a gyara, matuƙansa kuma matasa ne masu jin tsoro. Ƙananan yara ba su so shi sosai ba, kayan wasan da kamfanin Clover ya yi ba su yi kasuwa ba, har aka datse majigin ya tsaya a kashi 43 maimakon 52 da aka yi niyya. Amma samari sun gane shi. A watan Yuli na 1980 Bandai ya fito da wani abu dabam: akwati cike da gutsattsarin roba a manne da juna kamar ganye a jikin reshe, mai saye shi zai yanke su, ya haɗa da gam, ya shafa fenti da kansa. Kuɗinsa yen 300 ne kawai. An ƙera shi bisa ma'aunin kashi 1 cikin 144, watau tun da injin na cikin labari tsawonsa mita 18 ne, in an gama haɗa ɗan ƙaramin ya kan kai wajen inci 5. Wannan ɗan akwati shi ya raya labarin da aka ɗauka ya mutu. Clover ya rushe a 1983, amma akwatunan haɗi, waɗanda a ke kira Gunpla, suka yi ta bunƙasa: aka fito da High Grade a 1990, da Master Grade a 1995, da Perfect Grade a 1998, kuma ya zuwa 2021 an fitar da fiye da miliyan 700, akasari daga masana'antar kamfanin da ke Shizuoka.

To, jama'a, ku dubi wannan tarihi da kyau. Abin da ya ceci Gundam hannun yara ne da suka zauna da almakashi da gam suna haɗawa. Akwatin haɗi rabin aiki ne, maƙera sun yi nasu, sun bar wa mai saye sauran. Wanda ya saya ya ƙi haɗawa daidai ya ke da wanda ya sayi yadi mai kyau ya ajiye a adaka har asu ya cinye, bai ɗinka ba, bai kuwa bar wa mai bukata ba. Dalilina na fari ke nan.

Dalili na biyu, masu ɓoyewa suna zaton rufaffen akwati yana tsare abin da ke ciki. Ba kullum ba. Ƙarfen zubin nan, in an sami datti kamar dalma a cikin gaminsa, ya kan kumbura ya tsattsage da kansa, laima kuwa tana hanzarta wannan ciwo. Roba mai taushi ta kan fitar da wani maiƙo bayan shekaru ta yi danƙo, in kuma tana jingine da farar soson nan da a ke shimfiɗawa cikin akwati sai ta narkar da shi su manne. Takardun ado da a ke liƙawa su kan bushe su karye. In abin mai batir ne aka bar batirin a ciki, ruwansa zai zubo ya ci wayoyi. Duk waɗannan su kan faru a cikin duhu, mai abu yana can yana lissafin riba. Wanda ya ke buɗewa yana dubawa lokaci lokaci, shi ne zai ga ɓarna tun tana ƙarama, ya raba roba da soso, ya cire batir, ya sake wa abin wuri.

Dalili na uku ya shafi zumunci. A shekarun 2020 da 2021, sa'ad da annoba ta zaunar da mutane a gida, masu son haɗawa suka ƙaru, kaya suka yi ƙaranci a kantunan Japan. Sai waɗansu suka riƙa kwashe sababbin akwatuna ranar fitowarsu suna sake sayarwa da ninkin kuɗi, yaro ya zo da ɗan abin da ya tara ya tarar da kanta wayam. Mai tarawa da ya mai da sha'awarsa kasuwar ɓoyon kaya, tsakaninsa da waɗannan tazara kaɗan ce. Abin da aka ƙirƙiro a yen 300 don kowane yaro ya iya saya bai kamata manya su hana shi ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, Malam, ai akwai abin da in ya lalace ba a samun wani. Gaskiya ne, ba na musun wannan. Ga misali jirgin Valkyrie na majigin Macross na 1982, wanda kamfanin Takatoku ya ƙera bisa ma'aunin kashi 1 cikin 55. Gwaninta ce ta gaske: a lanƙwasa shi ya zama jirgin sama, a sake lanƙwasawa ya zama jirgi mai ƙafafu da hannuwa, a ƙara ya miƙe ya zama mutum. Takatoku ya rushe a 1984, daga baya aka sayar da irinsa a Amurka da sunan Jetfire. Wanda ke da na asali mai tambarin Takatoku yana riƙe da shaidar aikin maƙeran da kamfaninsu ya shuɗe, ba zan ce ya miƙa wa ɗan shekara biyar ba. Haka Chogokin na fari. Saboda haka na raba kayana gida biyu.

Kashi na fari su ne tsofaffin na ƙarfe waɗanda ba su da madadi. Waɗannan na kan fitar da su daga akwati a hankali, in tsai da su cikin kabad mai gilashi nesa da taga, don hasken rana na mai da farar roba rawaya. Akwatin da takardar bayani da 'yan makamansa ina adana su, domin su ma tarihi ne, 'yan makaman nan kuwa su ne farkon ɓacewa. Ina da littafi da na ke rubuta sunan kowane ɗaya, da kamfaninsa, da shekararsa, da inda na samo shi, da aibin da ke jikinsa. Rubutun nan yana da amfani, don a 1997 Bandai ya fara sabon jeri mai suna Soul of Chogokin domin manya, ya kuwa fara da Mazinger Z, ga kuma na jabu suna yawo a kasuwa. Wanda ba shi da ilmin bambancewa sai ya sayi na jiya da kuɗin na shekara hamsin. Kantunan tsofaffin kaya irin su Mandarake, wanda ya fara a unguwar Nakano ta birnin Tokiyo a 1980, da wannan ilmi su ke sa farashi. In baƙo ya zo ya nuna sha'awa, na kan sa ya wanke hannu, in ɗora masa ɗaya a tafinsa ya ji nauyin. Gani ya kori ji.

Kashi na biyu su ne akwatunan haɗi. Waɗannan haɗa su na ke yi, ko da na tsohon yayi ne, tun da Bandai ya sha sake buga waɗanda ya fara fitarwa a 1980, ba a rasa su ba. Na kuwa fi son in haɗa tare da yaro. A nan ne na ga amfanin da ya sa na ke jin malaman makaranta ya kamata su san da abin. Yaron da ya zauna da akwati ɗaya tilas ya bi zane mataki mataki, ko da bai iya karanta Japananci ba. Tilas ya gane ma'auni, ya san dalilin da ya sa kashi 1 cikin 100 ya fi kashi 1 cikin 144 girma, abin da kan rikita yara a darasin lissafi. Tilas ya koyi haƙuri, don in ya yi garaje ya fizge gutsure da hannu zai bar tabo wanda fenti ba ya rufewa. In kuwa ya gama, ya ɗaga abin da ya haɗa da kansa, zai fara tambayar yadda aka yi mazubin da ya fitar da ƙananan gaɓoɓi haka daidai wa daida. Tambayar nan ita ce mafarin maƙeri da injiniya. Akwatin da ke kulle a ɗaki ba ya koya wa kowa kome.

Ba na cewa kuɗi ba su da daraja, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma mai son ajiyar dukiya yana da hanyoyi da yawa waɗanda ba su tsattsagewa don laima. Mu da muka zaɓi wannan hanya, amana muka ɗauka ta aikin hannun waɗansu mutane, haƙƙinta kuwa shi ne a san ta, a kula da ita, a nuna ta. In mun mutu muka bar rufaffun akwatuna ba rubutu ba bayani, magada za su ɗauka tarkace ne su zubar, ko su sayar a banza. In kuwa mun bar littafi da yaran da suka taɓa haɗawa tare da mu, an sami masu karɓa.

Ina fata sauran masu wannan sha'awa, musamman waɗanda ba su yarda da ni ba, su rubuto wa Edita nasu dalilan, mu ƙaru da juna.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Tsohon Malamin Makaranta.