Daren da Muka Kwana a Kan Tsohuwar Kete

Aikin sakataren Sarkin Zango bai wuce riƙon littafi da alƙalami ba: mu rubuta haihuwa da rasuwa, mu rubuta sadaki da shaidu, mu aika takarda inda Maigida ya ce a aika. Mun daɗe a kan wannan aiki a nan Kete-Krachi, amma ba mu taɓa jin nauyin alƙalami kamar a kakar bara ba, ranar da aka ce mu zaɓi sunaye 120 daga cikin zango baki ɗaya.

Wani ɗanmu ne, maraya, da ya yi karatu ya samu aiki a Ankara, ya tashi aure. Shi da amaryarsa suka kama wani wurin shaƙatawa a bakin tafki, can wajen Akosombo. Ya nuna mana hotuna a waya: koriyar ciyawa har bakin ruwa, fararen rumfuna, da kwalekwalen da ango da amarya za su shiga a ɗauke su hoto da la'asar. Wuri ya yi kyau, ba mu musa ba. Sai dai masu wurin da kai suke lissafi, kowace kujera da kuɗinta, kowane faranti da nasa, mai gadi kuma ba ya buɗe ƙofa sai ya ga kati. Aljihun yaron ya tsaya a 120. Ya ce, "Baba Sakatare, ku kuka san mutane, ku fitar mini da sunayen."

Kwana uku muna rubutawa muna sokewa. Tsohuwar da ta ciyar da shi koko da ƙosai shekara da shekaru ba ta taɓa cewa ina kuɗi ba, a wane layi za ta shiga? Wanzamin da ya yi masa askin suna fa? Dattawa suka rabu biyu. Wasu suka ce wannan al'adar baƙi ce, a hana. Wasu suka ce kuɗinsa ne, a bar shi. Maigida bai yanke hukunci ba. Abin da ya ce kawai, "Yaron nan tafki yake so. Ku kai shi ya ga tafki, ku kwana a can."

Matasanmu da yawa ba su san abin da ke ƙarƙashin wannan ruwa ba. Bayan yaƙin basasar Salga na 1892, fatake da malamai suka kwararo Kete, ta zama babbar kasuwar Musulmi a bakin kogin Bolta. A nan Alhaji Umaru, mutumin Kano, ya zauna ya karantar har rasuwarsa a 1934. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya hau ya ci tsohon gari. Kimanin mutum 80,000 aka tayar daga yankin tafkin, aka gina musu sababbin matsugunai 52. Mu kanmu a sabon gari aka haife mu, tsohuwar Kete a bakin iyaye muka san ta.

Farkon Nuwamba muka tashi, damina ta ɗauke, tafki ya cika maƙil, sabuwar doya ta cika kasuwa. Mu shida ne a kwalekwale biyu, da tabarmi da gidan sauro da buta, kowa da rigar kariya a jikinsa, domin itatuwan da ruwa ya shanye har yau kututturansu na tsaye a ciki, kuma sun sha fasa jirage. Jagoranmu wani tsohon matuƙi ne da ya ga tashin garin yana yaro. Da muka yi nisa sai ya ɗaga filafili, ya nuna ruwa da haɓa ya ce, "Daga nan zuwa can, unguwarmu ce." Ba mu ga komai ba sai ruwa. Muka ɗaga hannu muka yi wa mamatanmu addu'a, kwalekwale na lilo da mu.

Kafin magariba muka sauka a wani tsibiri. Muna hura wutar gasa doya sai ga wasu masunta 'yan ƙabilar Ewe da ke zaune a gefe, ɗauke da karfasa a kwarya. Ba su tambayi sunanmu ba. Suka ajiye, suka zauna, muka ci tare. Bayan isha'i tsohon ya shiga ba da labarin bikin aure a tsohuwar Kete: yadda ake bi gida gida da goro, yadda sanƙira ke shela, yadda ake girka tukwane a waje don matafiyin da ya sauka a ranar ma ya sa hannu. Ya ce bai taɓa jin an ƙirga mutanen biki ba, tukwane ake ƙirgawa. Ango dai bai ce uffan ba.

Da asuba sanyin farkon hunturu ya tashe mu. Muna alwala a bakin ruwa ya matso ya ce, "Baba, sunan Inna mai koko yana cikin takardar?" Muka gaya masa gaskiya, cewa sau biyu muka rubuta, sau biyu muka soke don mu sa abokan aikinsa. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Ku yaga ta."

Abin bai zo da sauƙi ba. Wani ɓangare na kuɗin kafin alƙalami ya tafi ke nan, kuma sai da Maigida ya aika mu sau biyu wurin dangin amarya kafin su yarda. Aka ɗaura aure a masallaci bayan Juma'a, aka yanka sa, aka girka shinkafa da tuwo a ƙofar gida, kowa ya ci. Bayan mako guda ango da amarya da abokai 30 suka tafi bakin tafkinsu, suka shiga kwalekwale, aka ɗauki hoto. Mun gani, ya yi kyau.

Ba mu ce biki a bakin tafki haramun ne ba. Mun san 'ya'yanmu na Ankara da Kumasi a ɗakin haya suke, babu tsakar gidan da zai ɗauki taro. Sai dai tun muna makarantar ilimi aka gargaɗe mu game da walimar da ake kiran masu hali a bar talakawa. Mu kuma 'yan kaɗan ne a ƙasar nan. A wurin biki yaro ke jin Hausa cike da kunne, a nan yake sanin wane ne kawunsa, wace ce gwaggonsa. Ruwa ya ci gidajen kakanninmu, amma sun hauro tudu da zumuncinsu, kuma shi muka gāda. Wanda zai kai bikinsa bakin tafki, don Allah ya fara girka tukunya a zango.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, Ya jiƙan waɗanda suke kwance a tsohuwar Kete.