Gem ɗin da har gobe ban ga na biyunsa ba

1/ Jama'a yau ba siyasa, ba ƙwallo. Magana zan yi a kan Castlevania: Symphony of the Night, gem ɗin da kamfanin Konami na Japan ya fitar a PlayStation 1 a 1997. 'Yan 2000 ku matso kusa, zaren da ɗan tsawo.

2/ Duk wanda ya yi gidajen gem na Samaru da Sabon Gari ya san tsarin. Winning Eleven ne, Tekken 3, Mortal Kombat. Ka biya, ka buga, in an ci ka ka miƙa pad. Castlevania bai shiga wannan layin ba, don shi makonni yake ci. Wane mai shago zai bar ka ka zaunar masa da talabijin haka?

3/ Mu a gida muka buga shi. Yayan abokina yana da PS1, sidin kuma cikin tarin da aka sayo a kasuwar Sabon Gari ya zo, ba wanda ya kula shi. Mu uku muka haɗa kuɗin barka da sallah, muka hau mota daga Samaru, muka wuce Kwangila, muka sayo memori kad ɗaya tal.

4/ Labarin: kai ne Alucard, ɗan Dracula. Karanta sunan daga baya ka gani. Ka shiga gidan ubanka da takobi da garkuwa da sulke, kana sara kowa yana faɗuwa. Minti kaɗan sai wani mai lauje, Death, ya tare ka ya kwashe kayan kaf. Ka koma naushi da hannu.

5/ Abin da ya bambanta shi da su Mario: ba mataki na ɗaya, na biyu, na uku. Gida ɗaya ne ƙato, da laburare, da hasumiyar agogo, da koguna a ƙarƙashin ƙasa. Ba kibiyar da za ta ce maka bi nan. Taswira ce kawai, duk ɗakin da ka taka ya fito a kanta.

6/ Za ka ga wuri ya fi ƙarfin tsallenka, ko ƙyauren ƙarfe a rufe. Ka wuce ka bar shi. Bayan kwana huɗu ka samu tsalle biyu a sama, ko ikon rikiɗa jemage, ko hazo mai ratsa ƙyaure. Sai ka ji wani ya ce "kai! wurin nan na rannan!" Wallahi wannan daɗin ban same shi a wani gem ba.

7/ Kamar yadda yaro ke sanin lungunan Hayin Dogo ne. Farko ta titi kake zagayawa, daga baya ka gano lungun da ke rage maka tafiya, har ka iya bi ko an ɗauke wuta.

8/ Maganar wuta: sai a wasu ɗakuna na musamman ake ajiye wasa. Ka yi awa guda kana tara kaya, jini saura kaɗan, ɗakin da nisa, fitila ta fara rawa. Addu'ar da muka yi a falon nan, Allah kaɗai ya san yawanta.

9/ Yanzu babban abin. Yawancin mutane suna kashe Richter Belmont su ɗauka an gama. Wani ɗalibin ABU ne ya buga mana bayani a kafe: nemo zobe biyu, na zinare da na azurfa, ka sa su a ɗakin agogo. Maria za ta ba ka tabarau, ka ga abin da ke juya Richter, shi za ka fasa.

10/ Sai ga wani gidan ya bayyana, irin na farko sak amma a kife, rufi ya zama ƙasa. Ashe rabi muka yi. Shi ya sa cikakkiyar taswirar take kaiwa 200.6%. Ga kiɗan Michiru Yamane, na laburaren har yau ina jin sa a kaina.

11/ Taswirarmu ta tsaya a ɗari da tamanin da wani abu. Wanda ya fi mu haƙurin dukan bango don neman ɓoyayyen ɗaki Allah ya yi masa rasuwa muna aji biyu a jami'a. Memori kad ɗin yana wurina. Ban goge ba, ban kuma ƙarasa ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

12/ Daga wannan gem da Super Metroid na 1994 aka samo sunan Metroidvania. In kana son Hollow Knight na 2017, ko Bloodstained na 2019 da Koji Igarashi ya yi, shi ma yana cikin waɗanda suka yi wannan, to ga tushen.

13/ Tun 2020 yana kan Android da iPhone. Roƙona ɗaya ƙannena: kar ku buɗe YouTube a makon farko. Ku ɓata, ku koma baya, ku nemo hanya da kanku. In da hali ku buga da wani a gefe.

14/ Ku kuma wane gem ne ya riƙe ku haka, kuma a wace unguwa? Ina jira a ƙasa.